Tattara takardunka kafin a garƙame ƙofar kamfani

Ƙannena masu aikin masana'anta, ko a nan Katsina kuke ko kun tafi Kano da Legas, kamfani ba ya mutuwa dare ɗaya. Ku dubi ALSCON, masana'antar narka alminiyam ta Ikot Abasi a Akwa Ibom. Ta fara aiki a 1997, ta tsaya a 1999, kamfanin Rusal na Rasha ya saye ta a 2007, ta koma aiki, ta sake tsayawa a 2013. Alminiyam wuta yake ci, tan ɗaya na shan kusan yunit 14,000 na lantarki. In wuta ta yanke na wasu awanni, abin da ke cikin tukwanen narkin ya daskare, tayar da su kuwa sai maƙudan kuɗi. Don haka da ka ga ana kashe tukwane, an soke aikin dare, albashin ƙarshen wata ya koma tsakiyar wata, to ka san inda aka dosa.

Abin da ya kayar da mu na gaba shi ne jira, ana cewa gwamnati ba za ta bari a rufe ba. Kada ku jira.

Fara da fansho. Dokar 2014 ta ce a cire kashi 8 daga albashinka, kamfani ya ɗora kashi 10. Kamfanin da ya fara tangal-tangal yakan cire naka ya ƙi turawa, takardar albashi kuwa tana nuna an cire. Nemi bayanin asusunka daga masu riƙe fanshonka duk wata uku, in ka ga giɓi ka kai ƙara PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa. Idan aiki ya tafi ka yi wata huɗu ba ka sami wani ba, kana iya cirar kashi 25 na abin da ka tara.

Takardar ɗaukarka aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma da ta albashin kowane wata, a gida za su kwana, ba a lokar wurin aiki ba. Ranar da kotu ta naɗa mai karkasa kadarori, da su za ka tabbatar da bashinka, kuma albashin ma'aikata na cikin basukan da doka ta sa a gaba. Kada ka sa hannu a takardar “na karɓi duk haƙƙina” sai ƙungiya ko lauya sun duba.

Sannan ka zauna jarrabawar gwajin sana'a (trade test) ta Ma'aikatar Ƙwadago tun kana da albashi. Mai walda ko wayarin da ke da shaida zai sami aiki a gari, wanda tukunyar narki kaɗai ya iya kuwa babu inda zai kai ta a Katsina.