Yadda cocin Wusasa ya ci mini mako uku

Har yau idan na tuna babi na biyu na aikina na kammala digiri sai na ji kunya ta rufe ni. Tsohon cocin Angilikan na St. Bartholomew da ke Wusasa na zaɓa, don ga shi kusa da Zariya, kuɗin mota ba zai karya ni ba.

Tarihin bai ba ni wuya ba. Likita Walter Miller na CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Angilikan daga Ingila, yana cikin tawagar Bishop Tugwell da ta isa Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su. A 1905 Miller ya zauna cikin birnin Zariya, daga baya mishan ta koma bayan gari, Wusasa, aka gina cocin wajen 1929. Littafi Mai Tsarki na Hausa da Miller ya sha wahala a kansa ya fito a 1932, kuma a unguwar nan Janar Yakubu Gowon ya tashi. Cikin kwana biyu na haɗa wannan.

Ginin ne ya kayar da ni. Zuwa ɗaya na yi, da tsakar rana, na ɗauki hotuna, na ɗaga kai na ga bakuna sun tashi daga bango sun haɗu a sama, na ce shi ke nan. Coci ne, Turawan Ingila suka kawo shi, to ai salon Gotik ne, wato irin ginin tsofaffin cocin Turai mai bakuna masu tsini, aka kwaikwaya da laka. Shafi goma sha huɗu na cika da wannan magana, har da kwatanta shi da cocin ƙauyukan Ingila waɗanda ban taɓa gani ba sai a littafi.

Malamina ya karanta, ya ture takardun gefe, ya ce, "Kai ba a soro aka haife ka ba?"

Na koma Wusasa tare da wani dattijon magini, abokin kakana. Ya shafa bangon da tafin hannu, ya dube ni. "Yaro, wannan ai bakan gizo ne." A ƙasa ya zana mini da tsinke. Bakan Turawa dutse ne ke danne dutse, nauyi ke riƙe shi. Namu kuwa ƙashi gare shi a ciki: azarar giginya, wadda gara ba ta cika damunta ba, ana kafa ta a bango hawa-hawa, kowane hawa ya ɗan leƙo gaba da na ƙasansa, a ɗaure da igiya, har ɓangarorin biyu su gamu a tsakiya, sannan a lulluɓe da laka. Irin aikin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi ke nan a Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, kusan shekara casa'in kafin cocin. Masallacin da na sha yin sallah a cikinsa! Ido na kallo, kai na Ingila.

Abin haushin, a zuwan farko ko kaurin bangon ban auna ba, alhali sanyin da na ji ina shiga daga zafin rana ya isa ya gaya mini ginin ƙasa ne irin namu, daga tushe. Hoto na tsaya ɗauka.

Mako uku na yi ina sake babin, abokaina sun miƙa nasu sun tafi gida, ni ina biyan kuɗin buga takardu karo na biyu. Wanda zai yi irin wannan aiki, ya nemi izinin shugabannin cocin tun da wuri, kada ya je ranar Lahadi da tef a hannu mutane na sujada, kuma ya tafi da magini tun zuwan farko, ko da kuɗin goro zai kashe. Ni na baba naira dubu biyu ne, da kwanon fura a hanyar komowa, inda ya yi ta yi mini dariyar "Gotik" har muka shiga Tudun Wada.