Farautar wildibis a gandun da aka kewaye da waya

Maharbin da ya tashi a Ɗansadau ko Zuru ya san kanki, ya san gwanki, ya san mariya, ko da a bakin kakanninsa ya ji labarinsu. Wildibis kuwa ba naman dajinmu ba ne. Dangin kanki ne na kusa, amma gidansa gabashi da kudancin Afirka. Shi ne mai gemu da gezar nan da ake nunawa a talabijin yana tsallaka kogi a dajin Serengeti na Tanzaniya, garke fiye da miliyan ɗaya, kadoji na dakonsu. Sai dai wanda masu kuɗi ke zuwa harbi galibi yana cikin shinge ne, a gonar wani mutum a Afirka ta Kudu ko Namibiya, ko a jihar Texas ta Amurka inda aka kai shi baƙo ake kiwonsa.

Shingen nan shi ne tushen sana'ar. A 1991 Afirka ta Kudu ta yi dokar da ta mallaka wa mai gona naman dajin da ke filinsa muddin ya kewaye shi da shinge mai inganci, wanda tsayinsa kan kai mita 2.4. Tun daga nan naman daji ya zama dukiya kamar shanu: ana ƙirga shi, ana saye da sayar da shi a gwanjo, ana yanke nawa za a cire a shekara. A farautar raninmu gayya ake yi, a fita da karnuka da gora da kiɗa, abin da ya tashi na wanda ya riga ne. A can kowace dabba da mai ita da kuɗinta tun kafin ka ɗaga bindiga.

Wildibis iri biyu ne. Akwai shuɗi, wanda a ido toka-toka ne mai ratsin baƙi a wuya da kafaɗa. Bijiminsa kan kai kilo 250, ƙahonsa ya buɗe gefe sannan ya lanƙwasa sama kamar na ɓauna, kuma ya fi son daji mai ƙaya irin na lardin Limpopo a Afirka ta Kudu. Akwai baƙi, wanda bai cika wuce kilo 180 ba, mai farar wutsiya kamar ta doki, ƙahonsa ya yo gaba ya sauka sannan ya tashi. Shi fili fetal yake so, irin na lardin Free State a can Afirka ta Kudu. A ƙarni na 19 saura ƙiris a ƙarar da baƙin, wasu 'yan gonaki ne suka riƙe ragowar har ya sake yaɗuwa. Mai gandun da ya san aikinsa ba ya haɗa su waje ɗaya, don suna barbarar juna, 'ya'yan kuma suna haihuwa, iri ya gurɓace.

Kuɗi hawa biyu ne. Na farko kuɗin yini, wanda ya ƙunshi masauki, abinci, mota, jagora mai lasisi, mai bin sawu da mai fiɗa. Na biyu kuɗin kan dabbar. Ga ƙa'idar da ya kamata kowa ya ji da kyau kafin ya sa hannu a takarda: in ka harba aka ga jini, ko ɗigo ɗaya ne a kan ciyawa, ka saya, a same shi ko kada a same shi. A Afirka ta Kudu baƙo ba ya farauta sai da jagora mai rajista a gefensa, kuma mai shiga da bindigarsa sai ya cike takardar 'yan sanda mai lamba SAPS 520. Ga mai tashi daga Najeriya, hayar bindigar gandun ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Lokacin da aka fi zuwa shi ne sanyinsu, daga Mayu zuwa Agusta, sa'ad da mu muke tsakiyar damina. A can lokacin ganye ya kaɗe, dabba na zuwa ruwa, nama ba ya saurin lalacewa.

Kafin a shiga daji sai an je wurin gwaji an saita madubin bindiga a mita 100. Kada ka ji kunyar wannan, jijjigar tafiya kaɗai tana karkatar da saiti. Bindigogin da aka saba da su su ne .308 da .30-06 da .300 Winchester Magnum, da harsashi mai nauyin giren 180 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) wanda ba ya tarwatsewa in ya daki ƙashi. Wasu har .375 suke ɗauka, don ba a banza ake kiran shuɗin ɓaunar talaka ba. Ba a harbi hannu sake. Jagora na riƙe da sanduna uku ɗaure a kai, ya kafa su, ka ɗora bindiga. Wanda bai saba da su ba ya yi atisaye tun a gida, ko da sandar kara ce. Shuɗi a cikin ƙaya sau da yawa a ƙasa da mita 150 ake samunsa. Baƙi kuwa yana hango ka tun daga nesa, ya zabura ya yi zagaye ya tsaya, harbin mita 200 zuwa 300 ba abin mamaki ba ne.

Iska ita ce abokiyar gaba. Mai bin sawu na tafe da 'yar jakar toka, ya girgiza ya ga inda ƙura ta nufa, daidai yadda tsofaffin maharbanmu ke yi da ƙasa a tafin hannu. Idan iska ta bi bayanka zuwa garke, za ka ji wani ya yi huci da hanci, shi ke nan an watse.

Zaɓen wanda za a harba ya fi harbin wuya, domin mace ma tana da ƙaho. Nata siriri ne, gindinsa ba kauri. Bijimi gindin ƙahonsa ya yi tudu, wuyansa ya cika, ana ganin kuben mazakutarsa a ƙarƙashin ciki. A shuɗi, ƙaramin namiji goshinsa na da ja-ja, tsoho fuskarsa ta yi baƙi wuluk. Ma'aunin ido shi ne kunne: in ya fuskance ka ya buɗe kunnuwa, ƙahon da lanƙwasarsa ta zarce bakin kunne ya kai. Littafin bajinta na Rowland Ward, inda ake rubuta manyan ƙahonin da maharba suka samo, yana karɓar shuɗi daga faɗin inci 28 da rabi. Ni dai a ganina tsohon da ya gama barbara, ƙahonsa ya goge, ya fi cancanta da matashi mai faɗin ƙaho da garke ke bukata. Kada ka taɓa kunama sai jagora ya ce wancan ne, kuma ka tabbata wanda kake kallo shi yake nufi. Garke na cakuɗewa cikin ƙiftawar ido, in ka kashe mace bisa kuskure kai za ka biya.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wurin sa harsashi. Wildibis na da tozo da geza a kafaɗa, sai jikinsa ya yi kamar ya fi yadda yake tsawo, ido ya ja ka sama. Ƙashin bayansa kuma ya sauko ƙasa a daidai wurin. Harsashin da ya bi ta sama da shi yakan kayar da dabba nan take kamar ta mutu, ana cikin gaisawa da murna ta miƙe ta shige daji. Abin yi shi ne ka bi ƙafar gaba da ido, ka hau kashi ɗaya cikin uku na kaurin jiki daga ƙasan ƙirji. Nan zuciya da huhu suke. In ya ɗan juya maka baya, ka nufi ƙafar gaba ta ɗaya gefen. Da ka harba ka sake ɗana wani, idonka na kansa. In ya gudu a dakata kamar minti 20 zuwa 30, don wanda aka bi da gaggawa ba ya kwanciya. Jini mai kumfa mai haske na huhu ne, ba zai yi nisa ba. Jini mai haɗe da ɗanyar ciyawa da wari na tumbi ne, wannan aikin yini guda ne. Wanda ke kwance kuma ta baya ake tunkararsa, ƙahon ba na ado ba ne.

Musulmi ya yi bisimilla lokacin harbi, in ya tarar da rai ya yanka. Ka faɗa wa jagora wannan tun da safe, domin su ba sa taɓa maƙogwaro: fatar kai da wuya da kafaɗa ta bayan wuya ake tsaga ta don a cusa ta a rataye a bango. Yankan ana iya ɗinke shi, gemun kuma na taimakawa wajen rufewa. Risala ta ce farauta don wasa kawai makaruhi ce, saboda haka ka tambayi inda naman zai tafi. Galibi ana ci a masauki, a ba ma'aikata, saura a kai mahauta ko a shanya shi irin nasu mai kauri, don ba za ka hau jirgi da shi ba.

Fata ba ta jira. A feɗe cikin 'yan awoyi, a juye kunnuwa, a tsaga leɓe, a kankare kitse, a lulluɓe ta da lallausan gishiri har cikin kowane lungu. Washegari a kaɗe jiƙaƙƙen a zuba sabo, a shanya a inuwa. Wanda ya ja gawa a ƙasa ko ya bar ta a bayan mota cikin rana, gashi zai zube wurin jima, kuma babu majemin da zai mayar da shi.

Akwai masu hali a Birnin Kebbi da Gusau da ke sha'awar ajiye namun daji a gonakinsu, kuma wannan ne abin da ya fi damuna. Wildibis na ɗauke da wata ƙwayar cuta da ba ta yi masa komai, amma tana kashe shanu. 'Yan maruƙansa ne suka fi zubar da ita ta majina da hawaye. Saniyar da ta kamu sai zazzaɓi mai zafi, majina ta toshe hanci, ido ya yi fari, cikin kwanaki ta faɗi, kuma babu magani. A Afirka ta Kudu ciwon majina suke kiransa, ana kuma ba da shawarar tazarar kilomita guda tsakanin garken biyu, don waya ba ta tare shi. Makiyayan Masai a Kenya da Tanzaniya kwashe shanunsu suke yi daga makiyaya mai kyau idan lokacin haihuwar wildibis ya zo. A ƙasar da burtali ke bi ta gefen kusan kowace gona, daga Argungu har Anka, shanun maƙwabta ne za su fara faɗuwa.