Laraba: ni da gejin mai

Yau na yi ƙarya da rana tsaka, kuma har yanzu da nake rubutun nan abin na cina. Ƴar ƙaramar ƙarya ce fa, amma ta ƙi barina.

Da safe komai lafiya lau. Koko da ƙosai, Auta ta yi darun safa kamar kullum, na sauke su makaranta. Ina shan kwana zan hau titin Zariya sai jar fitilar nan ta man inji, mai kama da buta, ta ƙifta sau ɗaya ta ɗauke. Na ce ƙila idona ne. Da na taka birki a danja ta sake yi. Sai na fasa zuwa ofis kai tsaye na biya gareji wajen Oga, a raina ina cewa lita ɗaya za a ƙara mini in wuce.

Yaronsa ne ya zaro geji, sandar nan ta duba yawan man inji, ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa, ya miƙa wa Oga ba tare da ya ce uffan ba. Ɗan baƙi ne kawai a can bakin tsinin, ko layin ƙasa bai kai ba. Oga ya dube ni ya ce Yallaɓai yaushe rabonka da zaro wannan? Ni kuma bakina ya riga hankalina, na ce satin da ya wuce. Wallahi tun juyen bayan Ƙaramar Sallah ban ɗaga bonet ba. Bai musa mini ba, cewa kawai ya yi to madalla, kuma wannan madallar ta fi zagi ciwo.

Na ce a yi ciko. Ya ce zai iya, amma ba zai so ba, gara a juye gaba ɗaya har da filta. Na fara ƙorafi cewa ai kilomita 5,000 ɗin ba ta cika ba, man da sauransa, sai ya nuna mini matar da ke suyar awara a bakin garejin ya ce in je in tambaye ta, idan mai ya yi kaɗan a kasko kuma wuta na nan yadda take, me ke faruwa da shi? Ƙonewa yake ya yi baƙi nan da nan. Ya ce Corolla ɗin nan wajen lita 4 take sha, idan saura 2 to aikin huɗun ne biyun suke yi, kowane ɗigo yana zagaya inji sau biyu maimakon sau ɗaya, ba ya samun zama a ƙasa ya huce, ga zafin garin nan, ga go-sulo, sannan duk dattin da ya kamata ya watsu cikin huɗu yanzu a cikin biyu ya taru, maganin da kamfani ya zuba a ciki shi ma da wuri yake ƙarewa. Wato lissafin kilomita da nake ta riƙewa na mai cikakke ne, ba na wanda aka bari rabi ba.

Da suka kwance ƙasa na gani da idona. Ko rabin galan bai cika ba, baƙi ƙirin, yana warin ƙuna.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne zancen fitilar. Ni duk shekarun nan a zatona ita ce za ta gaya mini mai ya ragu. Ashe a irin motata ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin turin famfo take gani. Sai man ya yi ƙasa har idan ka sha kwana ko ka taka birki ya gangara gefe guda, famfo ya zuƙi iska, sannan take kawowa. A wannan ƙiftawar ƙarafan cikin inji, metal da kiranshaf, suna gogar juna kusan a bushe. Na ce to yanzu an yi ɓarna ke nan? Ya tayar da inji bayan an zuba sabo, ya kasa kunne ya daɗe, ya ce babu ƙara, amma abin da ya cinye ya riga ya cinye, sabon mai ba ya mayar da ƙarfe. In na fara jin ƙwas ƙwas da sanyin safiya in dawo kafin inji ya buga.

Inda man ya tafi ma ba a gama ganewa ba. Akwai ɗan jiƙa wajen gaskit ɗin sama, kuma yana zargin ring, wato zobban fistan da ke cikin inji, sun fara saki tana shan mai a hankali.

Ofis ƙarfe sha ɗaya. An harare ni. Shinkafa da wake, manjan ya yi yawa.

Da yamma na ba Yaya labari a waya, ban da wajen ƙaryar. Shi da ya karanci injiniya sai ya ƙara mini da cewa ƙa'idar da suke bi ita ce duk ƙarin zafi digiri 10, saurin lalacewar mai kusan ninkawa yake yi. Na gode Yaya, ka kwantar mini da hankali sosai.

Maman Auta ta tambayi ina kuɗin cefanen da na ce zan ƙaro, na ce mota ta sha. Ta ce ita motar ba a duba ta ne? Na yi kamar ina amsa saƙo.

Na rasa me ya sa na ce satin da ya wuce. Mutumin da shekara nawa yake gyara mini mota, wanda ya san cikin injin nan fiye da yadda na san aljihuna, kuma gejin yana hannunsa. Yaron ma sai da ya sunkuyar da kai.

Bayan isha'i na fita da tocilan na shimfiɗa kwali ƙarƙashin motar kamar yadda Oga ya ce, gobe da asuba in ga ko ta ɗiga. Na sa tsumma a aljihun ƙofa. Ɗazu na sake leƙawa, kwalin a bushe yake, amma kyanwar maƙwabta ta kwanta a kai.