Abin da ya wuce ta ƙarƙashin labule

Laraba, ƙarfe 10 na safe

Tun ƙarfe 8 na sauka daga aikin dare, amma barci ya ƙi ɗaukata. Abin da ya faru wajen miƙa aiki ne ya tsaya mini a rai.

Akwai wani bawan Allah a sashenmu na kulawa ta musamman, kwanansa uku kan na'urar taimaka wa numfashi, bututu a maƙogwaro, maganin barci na shiga jijiyarsa. Wata sabuwar nas ta tsaya a ƙafar gadonsa tana karanto mana bayanansa da ƙarfi, har ta ambaci sakamakon wani gwaji da shi da bakinsa ya roƙi likita, tun kafin a saka masa bututun, kada a gaya wa danginsa. Ko a nan ba zan rubuta sunan cutar ba. Ina duban ƙasa sai na hango ƙafafun wata mata ta ƙarƙashin labule, tana zaune kusa da mijinta a gadon da ke gefe. Gabana ya faɗi.

Na ja yarinyar gefe. "Ƙanwata, kin san akwai mutum a bayan labulen nan?" Ta ce, "Sista, ai shi bai ma san inda kansa yake ba." Yarinya ce mai ƙwazo, ba ta da mugun nufi ko kaɗan, amma amsar nan ta fi kuskuren damuna. A ganinta sirri na mai ido biyu ne. Na ce mata wanda ba zai iya buɗe baki ya ce "ku yi shiru" ba, amanarsa ta fi nauyi a wuyanmu. Na kuma sha ganin majinyatan da suka farfaɗo suna tuna muryoyin da suka ji suna kwance.

Sanarwar Geneva ta 1948, wadda likitoci ke rantsuwa da ita, ta ɗora musu riƙe sirrin majinyaci, a 1968 kuma aka ƙara cewa ko bayan ya rasu. To balle wanda ransa ke hannunmu yana kwance. Akwai inda doka ta yarda a yi magana, kamar umarnin kotu ko cutar da dole a sanar da hukumar lafiya, amma kunnen maƙwabciyar gado ba ya ciki.

Idon sabuwar nas ɗin ya cika da ƙwalla, na dafa kafaɗarta. Gobe zan roƙi shugabar sashe a riƙa faɗin irin waɗannan sakamakon a ofis, ƙofa a rufe.