Tarihin rayuwata, kashi na 17: Yekuwar da ake yi a cikin huhu

Makon jiya mun tsaya a hunturu, lokacin da ƙura ke lulluɓe Maradi, ɗakin yara na asibiti ya cika da masu tari da haki. Kafin labari ya yi gaba, sai na bayyana abin da ke faruwa a ƙirjin yaran nan masu ciwon huhu, wato nimoniya, don a gane dalilin da ya sa muke ƙirga numfashi da agogo a hannu.

Huhun babban mutum yana da ƴan jakunkunan iska wajen miliyan 480. Bangon da ya raba iska da jini bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. A cikin jakunkunan akwai mai gadi, ƙwayar halitta da ake kira makrofaj. Kullum tana haɗiye ƙura da ɓurɓushin hayaƙi shiru, ba ta ta da kowa. In ƙwayar cuta irin numokok ta shigo ta fi ƙarfinta, sai ta yi yekuwa da sinadaran saƙo, wato sitokin, musamman TNF da IL-1. Ƙwayoyin bangon jaka su ji, su amsa da nasu, IL-8, mai kiran nutrofil, mayaƙan fararen ƙwayoyin jini.

A nan aikin ya fi ba ni mamaki. Nutrofil ta fi da yawa daga cikin ƙananan hanyoyin jinin huhu kauri, sai ta lanƙwashe take wucewa. Da saƙon ya same ta sai ta sandare ta maƙale, bangon jijiyar ya fito da abin riƙe ta, ta kutsa ta faɗa cikin jakar. Saƙon kuma ba ya tsayawa a huhu. Ya kai ƙwaƙwalwa, zazzaɓi ya tashi. Wani saƙon, IL-6, ya kai hanta, ta ƙara yin CRP, sinadarin da ake aunawa a jini don gane kumburi. Ɓargo ma ya sako sababbin mayaƙa.

Matsalar ita ce makaman nutrofil ba su san gida ba. Abin da ke narka ƙwayar cuta yana cin bangon ma. Ruwan jini ya tsiyayo cikin jaka, ya ɓata santsin da ke hana ta manne wa kanta, sai jini ya wuce ba tare da ya ɗauki oksijin ba. Shi ya sa yaro ke saurin numfashi, hancinsa na buɗewa, ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja iska. A ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur yana kwance bai kuka: sau 60 ga jaririn da bai kai wata 2 ba, 50 daga wata 2 zuwa 11, 40 daga shekara 1 zuwa 5. In ya kai haka, a nufi likita a ranar. Na'urar yatsa mai auna oksijin a jini in ta nuna ƙasa da kashi 90 cikin ɗari, oksijin yake bukata.

Ina roƙon iyaye mata su riƙe wannan: yaro mai tamowa yekuwarsa ba ta da ƙarfi. Jikinsa na iya zama da sanyi alhali huhunsa ya cika, don haka rashin zazzaɓi ba ya nufin sauƙi.

Tsayar da yaƙin ma da saƙo ake yi. Nutrofil ta gama aiki ta mutu, makrofaj ta haɗiye gawar, wannan haɗiyar ce ke sa ta sauya harshe ta saki IL-10 mai kwantar da kumburi. Ƙwayoyin bango su janye ruwan, su hayayyafa su toshe ɓarakar. Maganin amoksisilin ƙwayar cutar yake kashewa, sharar kuwa jiki ne ke yin ta, shi ya sa tari kan ɗauki makonni bayan zazzaɓi ya sauka. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga ɗakin oksijin.