Saura kiris tsohon sunan shagon Kawu ya fada hannun wani

Salamu alaikum jama'a. Kwana biyu na yi ba barcin kirki, bari in baku labarin.

Ni ke rike da sabar imel ta kasuwancin Kawuna a nan Aboabo, kayan gyaran mota yake kawowa ana kaiwa Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, oda da rasit duk ta imel suke shigowa. Bara sakonnin banza suka addabe mu, kafin ka ga na kwastoma daya sai ka share tarkace himili, wannan wai ka ci kyauta wancan wai za'a rufe asusunka danna nan. Sai na zauna na hada Postfix, manhajar da ke karbar mana imel, da jerin masu turo sakon banza na Spamhaus yana korar adireshin da aka sani da barna tun daga bakin kofa, shi kuma SpamAssassin, manhajar da ke ba kowane sako makin zargi, da sai makin sako ya kai 5 yake cewa banza ne, haushi ya sa na sauke shi zuwa 3. Komai ya lafa, Kawu har albarka ya sa min.

Ashe har da sakon tunatarwa na sabunta tsohon domen dinmu, wato sunan shagon a intanet da ke bayan @ a adireshin imel, ake ta zubarwa. Ka'idar ICANN, hukumar da ke kula da sunayen intanet, ce dole kamfanin rajista ya tuna maka kaman wata daya kafin ranar, ya sake saura kaman sati daya, kuma wallahi sun aiko, daga baya na gansu kwance a kwandon shara. Katin bankin da na sa don biyan kudin sabuntawar shima wa'adinsa ya kare ban lura ba.

Wani tsohon kwastoma ne daga Tamale ya buga ma Kawu waya yace sakonsa na ta dawowa. Kawu ya kira ni yace "Kai yaro, me ya samu akwatin namu?" Ina duba WHOIS, inda ake ganin bayanan rajistar domen, naga domen ya shiga lokacin fansa, gabana ya fadi.

Ga yadda abin yake a .com, in ya kare kamfani zai iya rike maka shi har kwana 45, in suka sake shi sai kwana 30 na fansa wanda kai kadai zaka iya dawo dashi amma da kudi mai tsoka, bayan nan kwana 5 da ba mai iya taba shi, sai a sake shi kasuwa, kuma akwai masu kwamfutoci a dane suna jira su cafke a dakikar da ya fado. Ba sunan kadai ya dame ni ba. Duk wanda ya saye shi zai rika karbar sakon da ake turo ma Kawu, har da sakonnin canza kalmar sirri, kuma zai iya rubuta ma kwastomomi da sunan da suka amince dashi shekara da shekaru yace ku tura kudi a wannan lambar MoMo, wato asusun kudi na waya. Mutuncin dattijo ne a kan layi.

Kudin fansar ya ninka na shekara sau da yawa, Kawu ya kirga sidi ya bani bai ce uffan ba, shirun nan ya fi min fada ciwo.

Yanzu na biya shekara 5 gaba daya, adireshin tunatarwa na maida shi Gmail dina wanda baya bi ta sabarmu, na sa ma tsohon domen SPF da DKIM da DMARC, hanyoyin tabbatar da cewa sako daga gare mu ya fito, don kar a rika aron sunansa, makin SpamAssassin kuma ya koma 5. Duk Juma'a in an sauko masallaci sai na bude kwandon sharan nan na bi daya bayan daya. Jiya ma odar wani makanike na tsinta a ciki.