Abin da ƙarancin ma'ajiyar wucin-gadi ya koya mini a sabar gida

Duk wanda ya haɗa sabar ajiya a gida, wato kwamfutar da ke adana fayilolin sauran na'urori, wata rana SSD ɗin (na'urar ajiya mai sauri, marar juyawa) da ya ware a matsayin ma'ajiyar wucin-gadi, inda ake ajiye bayanai na ɗan lokaci don sauri, zai cika, kuma abin da zai fara zo masa a rai shi ne sayen wanda ya fi girma. A aikin kula da irin waɗannan na'urori na gane cewa ba kasafai girman wurin ke zama tushen matsalar ba. Yawanci an bar ƙofa a buɗe ne, kowane fayil na shiga ba a tambaye shi me ya kawo shi ba.

Lissafi ne ya fara buɗe mini ido. Wayar sadarwa mai gudun gigabit ɗaya ba ta wuce megabayit 125 a daƙiƙa, a aikace ma kusan 110 ake samu. Faifai mai juyawa na zamani kuwa yana karanta babban fayil a jere da gudun da ya haura megabayit 150 a daƙiƙa. Ke nan idan bidiyo kake kallo daga sabar, faifan ya riga wayar sauri, SSD ba ta ƙara maka komai ba, wuri kawai bidiyon ya cinye. Inda faifai ke gazawa shi ne ƙananan karatu a warwatse: mai juyi 7,200 a minti da ƙyar yake yin kimanin ɗari a daƙiƙa, domin sai allurarsa ta yi ta kai da kawowa, alhali SSD na yin dubun dubbai. Saboda haka rumbunan bayanan manhajoji, ƙananan hotunan samfoti da faifan kwamfutocin da ake gudanarwa a cikin sabar su ne masu haƙƙin zama a wurin. Sauran baƙi ne, su yi sallama su wuce.

Darasin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne sanin ko abin da ke kan SSD kwafi ne, ko kuwa shi ke nan babu wani. A ZFS, wani tsarin adana fayiloli, ma'ajiyar wucin-gadi ta SSD da ake kira L2ARC kwafi ne kawai na bayanan da ke kan manyan faifai. Ko SSD ta mutu yau, babu abin da ya salwanta sai sauri. A Unraid, wata manhajar gudanar da sabar ajiya, lamarin ya sha bamban. Sabon fayil kan sauka a kan SSD ya zauna can har sai manhajar Mover ta kwashe shi zuwa manyan faifai, galibi cikin dare, kuma kafin lokacin faifan kariya, wanda ake dawo da bayanai da shi idan wani faifai ya mutu, bai san da shi ba. Hotunan da aka juye daga waya da yamma aka goge na wayar, rayuwarsu ta rataya ne a kan na'ura guda har gari ya waye. Wannan na damuna ƙwarai, domin mutane da yawa ba su san haka abin yake ba. Shi ya sa nake ganin SSD biyu matsakaita masu kwafin juna sun fi babba guda ɗaya, kuma ba banza ba Synology, kamfanin da ke ƙera sabar ajiya, ke neman aƙalla biyu kafin ta yarda a yi ma'ajiyar karatu da rubutu.

Sai kuma yadda cikar take faruwa, wanda a nan ne aka fi shan wahala. Unraid na zaɓar inda fayil zai sauka ne a lokacin da aka fara rubuta shi, ba tare da ya san girmansa ba. Idan saura gigabayit 20 aka turo fayil mai gigabayit 40, zai fara shiga, ya tsaya a tsakiya, aikin ya lalace. Maganin yana cikin saitin mafi ƙarancin wurin da za a bari: a sa shi ya haura fayil mafi girma da ake turowa, sai sabon rubutu ya zarce manyan faifai da kansa idan wuri ya yi ƙasa. Mover kuma ba ya taɓa fayil ɗin da wata manhaja ke riƙe da shi a buɗe, don haka manhajar saukar da kaya daga intanet kan iya danne wuri na tsawon kwanaki. Mafi muni, idan manhajojin da ke gudana a Docker, tsarin da ke ware kowace manhaja a akwatinta, na zaune a wuri guda da kayan da ake saukewa, ranar da wurin ya cika rumbunan bayanansu kan gaza rubutu, wani lokaci su ɓaci. Tun sigar 6.9 ta 2021 Unraid ta ba da damar kafa rukunin SSD fiye da ɗaya, kuma raba manhajoji da kayan wucewa shi ne gyaran da na fi ganin amfaninsa.

A ɓangaren ZFS, ƙara SSD ma na iya rage sauri, tunda kowane guntun bayani da ke L2ARC yana da ɗan rajista a cikin RAM, ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, wadda ita ce ma'ajiya mafi sauri. Dabarar da ke kula da RAM ɗin, wato ARC, Nimrod Megiddo da Dharmendra Modha na IBM ne suka wallafa ta a 2003, tana auna abin da aka taɓa kwanan nan da wanda ake yawan taɓawa, yadda kwafin ajiya na dare ba zai share komai ba. Kafin na ba kowa shawarar ƙara L2ARC, sai mun duba arc_summary, umarnin da ke nuna rahoton aikin ARC, tukuna. Idan kusan duk buƙatu RAM ke amsa su, a bar sabar yadda take.

SSD kanta ba ta son a cika ta maƙil: rubutu na raguwa, tana kuma saurin tsufa. Samsung 870 EVO mai terabayit ɗaya, alal misali, garantinta ya tsaya a rubutun terabayit 600. Ni dai nakan bar kashi ɗaya cikin biyar babu komai, na sa sabar ta turo gargaɗi tun kafin a kai nan, kuma duk lokacin da zan juye tarin tsofaffin fayiloli nakan kashe ma'ajiyar wucin-gadi ga wannan folda har aikin ya kammala.